Gaba Goma Sha Biyu na Kacalla

Ranar da Bulama, mai garinmu, ya zo bakin korama da igiyar awo, ni kaɗai ce mace a wurin. Maza wajen talatin suna tsaye a gindin giginyu suna jiran a kira sunan gidajensu. Na tsaya daga gefe riƙe da laujen Baba, na ɗaura zane a kan tsohon wandon yayana.

Koramar nan ita ke ɗebo ruwa daga kogin Haɗejia ta kai fadamar ƙauyenmu, Gandun Auta, inda muke noman shinkafa. Ina yarinya jirage biyu kan wuce juna a cikinta ba su gogi juna ba. Yanzu kacalla ta cinye ta. Ciyawa ce mai ninka tsayin mutum, tana son ruwan da ba ya gudu, saiwarta ta sarƙe a ƙasa ta tare laka har ruwa ya rasa hanya. Da damina sai ya bar gonaki ya shiga gidaje. Wata shekarar kuma ya ƙi zuwa sam, shinkafa ta bushe a tsaye alhali kogi yana cike a bayanta.

Shekara takwas ke nan da dattawa suka kafa doka a kan haka. Duk gidan da ke da gona a fadama yana da rabonsa na korama, tsawon gaba goma sha biyu, kowane gaba buɗin hannu biyu, ya share kafin damina. Ba a ɗaukar ɗan ƙwadago, ba a aron hannun maƙwabci. Gidan da zai ci shinkafar, shi zai shiga ruwan. Ranar gwaji Bulama yakan zauna a jirgi, Baba Gambo masunci ya tuƙa shi da gora daga bakin kogi har fadama. Rabon da jirgi ya maƙale a ciki har matuƙi ya sauka ya tura, wannan gida ya faɗi. Gidan da ya faɗi shekara biyu a jere, a karɓi gonarsa a ba wanda ba shi da ita.

Mu mun faɗi bara. A shekarar ne ɓarin jikin Baba ya shanye, wata uku bayan ambaliya ta kwantar da shinkafarsa ana saura mako biyu a yanka. Yayana Fatihu yana Fatakwal yana neman abin da zai aiko. Ni kuma ina kwalejin aikin gona ina rubuta jarrabawar ƙarshe, ba wanda ya gaya mini.

"Gidan Sa'idu," in ji Bulama.

"Ga ni, ranka ya daɗe."

Ya dube ni, ya dubi laujen, ya dubi bayana ko akwai wani.

"Zinariya, aiko ki aka yi ki ji inda rabon yake?"

"Zuwa na yi in karɓa. Ni zan yanka."

Wani ya yi tari. Abdulmannan, wanda rabon gidansu ke manne da namu, kuma bakinsa ba ya hutawa ko a wurin zaman makoki, ya ce, "Ranka ya daɗe, a auna mata da biro. Igiya za ta ɓata mata hannu."

Aka yi dariya. Bulama bai yi ba.

"'Yata, kin san abin da ke ciki?"

"Na sani. Doka ta ce ɗan gida. Ba ta ce ɗa namiji ba."

Ya tauna goronsa. Sannan ya ɗaga kai ya ce wa mai riƙe da ɗaya bakin igiyar, "Misbahu, ja."

Yaya Misbahu ba shi da rabo a korama domin ba shi da gona. Tasa tana can ƙasan fadama, kacalla ta rufe ta ɗungum shekara uku da suka wuce, ko iyakarta ba a gani. 'Ya'yansa shida. Kowa ya san idan aka karɓi gonar wani, shi ne na farko a layi. Ya ja igiyar a bakin ruwa, ya kafa turke a farkon rabonmu, ya kafa wani a ƙarshe, bai dube ni ba ko sau ɗaya. Bulama ya sa ranar gwaji, Alhamis ta uku.

Kafin a watse na yi abin da har yau ban san ko daidai ne ba. Na ɗaga murya na ce ina da magana. Na gaya musu yankan da suke yi a saman ruwa aski ne kawai, shi ya sa take dawowa kafin wata. Na ce kacalla ta cikin karanta take shaƙar iska ta kai wa saiwa. Idan aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ruwa ya cika karan, saiwar ta ruɓe, ba ta ƙara tashi.

"Ikon Allah," in ji Abdulmannan. "Ashe numfashi take. To Malama, ki toshe mata hanci mana, mu duka mu huta."

Na ce zai gani.

A gida Inna ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ƙi dubana. Tana tankaɗe ta ce, "Da na san lauje za ki riƙe, da ban sayar da tumakina kin tafi makaranta ba." Da la'asar Fatihu ya kira. Ya ce in bar musu, gonar da shekara uku ba ta ciyar da mu ba mene ne abin mutuwa a kanta. Na ce masa shi da ke bakin teku ya fi kowa sanin darajar ruwa, ya zo ya shiga namu. Ya kashe wayar. Baba yana kwance a kan tabarma yana jin mu. Magana tana yi masa wuya, sai ya tattaro ta kamar mai ɗaga kaya. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ki wasa shi." Laujen yake nufi.

Washegari bayan asuba na shiga ruwa. Ba kowa a korama sai ni. Maza ba sa farawa sai saura kwana huɗu, domin sun san idan suka yanka da wuri za ta sake tashi kafin jirgi ya zo. Na ɗauki wannan lalaci. Ni da nake son kashe ta gaba ɗaya, kuma hannu biyu gare ni kawai, na ga gara in fara tun yanzu.

Ruwan ya kawo mini ƙirji. Sanyi ne da shi da safe, kafin hantsi ya zama kamar wanda aka sauke daga murhu. Sai in rungumo kara biyar ko shida da hannun hagu, in nutsa laujen taƙi ɗaya a ƙarƙashin ruwa kamar yadda aka zana mana a allo, in ja. In tara, in jawo zuwa gaɓa, in jefa sama, in koma. Ganyen yana da kaifi a gefe, yana tsaga fata siriri, ba ka ji sai ruwa ya shiga. Matsattsaku kuwa tun ranar farko suka gano ni. Nakan fito in same su uku huɗu a ƙwauri sun ƙoshi, in barbaɗa musu gishirin da na ƙullo a bakin zane, su faɗi, jinin ya ci gaba da zuba.

Zafin bana ban taɓa ganin irinsa ba. Kafin azahar tsuntsaye ma sukan yi shiru. Jan-baki da ke kwana dubu-dubu a cikin kacalla suna jiran shinkafarmu ta yi ido, su ma sai ka gan su a maƙale da kara baki buɗe. A rana nakan share tsawon gaba guda, wani lokaci da ɗan ɗori.

Rana ta biyar Baba Gambo ya zo. Jirginsa yana ɗaure a wani turken giginya kusa da rabonmu, domin nan ne kaɗai ɗan sararin da ya rage. Tsoho ne siriri, ya fi Baba shekaru, kuma tun da kifi ya ƙare a korama yakan zo ne kawai ya kwashe ruwan da ya taru a jirgin. Ya tsuguna a gaɓa ya daɗe yana kallona.

"'Yar Sa'idu, sannu da aiki."

"Yawwa Baba, sannu."

"Nawa kike nutsa laujen?"

"Taƙi ɗaya."

"Taƙi ɗaya daga ruwan yau?"

"Daga saman ruwa, Baba. Haka aka koya mana."

"Shi wanda ya koya muku, a wane ruwa ya yanka?"

Ya nuna mini turken jirginsa. Akwai zobe-zoben laka a jikinsa, kowanne inda ruwa ya kwana.

"Da can, a irin wannan wata, yatsa ɗaya yake ja a kwana biyu. Bana yatsa biyu kullum. Rana tana sha, masu injin ban ruwa can saman kogi suna sha. Wannan ruwa tafiya yake."

Na ce masa na duba hasashen yanayi a waya, ruwan sama yana nan tafe cikin mako, damina za ta faɗi da wuri. Idan ta faɗi korama ƙaruwa za ta yi.

"To," in ji shi. "Allah ya kawo."

Ya kwashe ruwan jirginsa da ƙoƙo ya tafi. A raina na ce mutanen nan ba za su taɓa yarda yarinya ta san abin da ba su sani ba.

Hadarin ya zo kuwa, kwana uku bayan haka. Gabas ta yi baƙi, iska ta taso ta yaye rufin rumfar masallaci, mata suka fito da bokitai da robobi. Aka yi yayyafin da bai kwantar da ƙura ba, ya wuce. Wasu da suka yi gaggawar shuka gero a tudu, irinsu ya tsiro ya ƙone a cikin mako.

Ranar goma sha ɗaya na kai turke na biyu. Na hau gaɓa na juya na duba. Gaba goma sha biyu na ruwa fili, sararin sama yana kwance a ciki, tsakanin bangaye biyu na kacalla. Rabon da a ga haka a koramar nan an daɗe. Da yamma mutane suka riƙa zuwa kallo. Wata tsohuwa ta ce ta tuna lokacin da ake wanki a nan. Abdulmannan ya zo ya tsaya hannu a baya, ya ce, "Lallai Malama ta toshe hancin." Amma muryarsa ba irin ta ranar awo ba ce. Na wuce shi kai a sama, na bi ta tsakiyar gari da laujena, ban bi ta bayan gidaje yadda na saba ba.

A ranar nan zazzaɓi ya kwantar da ni. Kwana shida ban san inda kaina yake ba sosai. Inna ta riƙa shafa mini ruwa, ta dafa ganyen darbejiya, ta aika aka sayo ƙwayoyi. Ina jin ta tana cewa Baba, "Ga abin da gonarka ta jawo." Ni kuwa ko a cikin zazzaɓin hankalina kwance yake. Na gama nawa.

Ranar Lahadi na iya tashi. Saura kwana huɗu gwaji. Na ce bari in je in ga ruwana.

Tun daga nesa na ji hayaniyar maza, kowa ya shiga rabonsa. Da na iso suka riƙa kau da kai ɗaya bayan ɗaya.

Ruwa ya ja fiye da taƙi biyu. Duk kututturen da na yanke sun fito sarari, dubbansu, a jere kamar haƙoran mataji, daga turke zuwa turke. A kan kowanne akwai sabon toho kore shar, wasu sun kai tsawon hannu. Sun sami iskar da na ce zan hana su.

Kuma nawa ya fi na kowa muni. Su maza doguwar ciyawa suke kamawa su sare daidai ruwan yau, jirgi ya bi ta kai. Ni ba abin kamawa. Guntaye ne masu tauri, masu tsini, a tsaye daidai inda cikin jirgi zai bi. Da ban taɓa ta ba sam, da aikina ya fi sauƙi.

Na jira Abdulmannan ya yi magana. Na ma shirya amsa. Ya dube ni, ya dubi ruwan, ya sunkuya ya ci gaba da saransa. Wannan ya fi mini ciwo a kan duk abin da zai iya faɗa.

Ina tsaye Yaya Misbahu ya zo ta bayana. Ya yi sallama a hankali.

"Zinariya, ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Ki ji mini magana ɗaya, kada ki ɗauke ta da zafi. Jikinki bai dawo ba. Wannan aikin ko ƙato ba zai gama shi a kwana huɗu ba. Idan Allah ya sa gonar ta zo hannuna, wallahi ba zan ci ni kaɗai ba. Duk kaka zan kawo wa Baba Sa'idu rabonsa har gida. Shi ya koya mini dashe."

Na san da gaske yake. Na san kuma matarsa tana surfe a gidajen mutane don a ba ta dusa da ɗan tsaki. Duk da haka na ce, "Yaya Misbahu, ba za a kawo mana sadaka daga gonarmu ba. Ka jira Alhamis."

Ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri," ya tafi.

Baba Gambo yana wajen jirginsa. Na daɗe kafin ƙafata ta yarda ta kai ni wurinsa. Na durƙusa na gaishe shi yadda ban yi ba ranar farko.

"Baba, nawa zan nutsa?"

Bai ce ai dama ya gaya mini ba. Ya ci gaba da ɗaure igiyarsa.

"Ki manta da saman ruwa, ba shi da alƙawari. Ki bi karan da hannu har ki taɓa laka. Inda ya kama ƙasa, nan za ki sa lauje."

"Duka?"

"Ba duka ba. Faɗin jirgi da kamu ɗaya kowane gefe. Ki bi tsakiya, nan ne zurfi. Kuma ki tuna Bulama ya ƙara ƙiba bana, jirgin zai zauna sosai." Ya ɗan murmusa. "Hannuna ba zai shiga ba, doka ce. Amma ba a hana baki ba."

Na koma gida na sake kaya, na dawo na shiga.

Ruwan yanzu iya ƙugu yake, amma don in kai laka sai na durƙusa, ya kawo mini haɓa. Wani wurin sai na ɗauke numfashi na nutsa kai. Ba a ganin komai a ciki. Hannu ne ke lalube, ya bi kara har gindi, lauje ya bi hannu. Kututturen da na fere da kaina su suka riƙa sukar gwiwoyina da cinyoyina. Gindin kacalla ba kamar samanta ba ne, kauri gare shi kamar rake, sai an ja sau biyu sau uku. Ranar farko na share gaba biyu da rabi, na fito ina rawar sanyi a cikin wannan zafi, na yi amai a gindin giginya.

Lissafin bai kai ba, na sani. Abin da ke cin lokacina shi ne jan abin da na yanke zuwa gaɓa.

Ranar Litinin da hantsi na ɗago kai daga ruwa na ga mace tsaye a gaɓa ta ɗaure mayafi a ƙugu. Inna ce. Shekara talatin da aurenta a garin nan ba a taɓa ganin ta a bakin korama ba. Maza suka daina sara. Ba ta dubi kowa ba. Ta tuɓe takalmi, ta shiga har gwiwa, ta miƙo hannu.

"Turo."

"Inna, akwai matsattsaku."

"Na haife ki, matsattsaku ne zai ba ni tsoro? Turo mini, uwar taurin kai."

Na tura mata. Ta riƙa kwashewa tana jefawa gaɓa, tana mita ba tsayawa. Ta zagi kacalla, ta zagi Fatihu da Fatakwal ɗinsa, ta zagi makarantar da ta koya mini taƙi ɗaya. Wani daga cikin maza ya ce ko wannan ba aron hannu ba ne. Abdulmannan ya ce masa, "Kai, matar gidan ce. Ko kai ma so kake a aro maka uwa?"

Haka muka yi Litinin, Talata, Laraba. Tun ana ganin hannu da asuba har rana ta faɗi, sai salla da kunun da Inna ke kawowa a kwano. Tafin hannuna ya yi fari ya tattare, sannan ya fashe. Na yaga bakin zane na naɗe. Farcen babban yatsana ya fita, ban san lokacin ba. Akwai sa'ar da na daina jin zafi, na daina jin haushi, ba na tunanin gona ko Baba ko abin da za a ce. Kara, laka, lauje, sai na gaba. Maza suka gama nasu suka fita, suka bar mu mu biyu. Da magariba ta Laraba na taɓa turke na biyu da hannu. Ban juya na duba ba wannan karon. Ban san abin da na bari a ƙasa ba, domin a gaba uku na ƙarshe hannuna ya mutu, ba ya bambance kara da laka.

Alhamis gari duka ya fito. Bulama ya zauna a tsakiyar jirgi da babbar rigarsa, Baba Gambo ya tsaya a baya da gora. Mutane suna bin su ta gaɓa. Gida bayan gida jirgin yana wucewa, yana jan ganye, ana cewa madalla. Ya wuce rabon su Abdulmannan. Ya shigo namu.

Ina tsaye a turke na biyu, Inna a bayana. Yaya Misbahu yana ɗaya gaɓar, daidai da ni, igiyar awo a kafaɗarsa.

Gaba na ɗaya, na biyu, na biyar, jirgin yana tafiya sumul, har Baba Gambo bai cika dogara gorar ba. Bakwai. Takwas. A gaba na goma na ji wata ƙara. Ƙasan jirgin ya hau kan wani abu, ya goga, ya tsaya.

Baba Gambo ya kafa gora ya danna. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Jirgin ya motsa yatsa biyu ya ƙi. Ya zare gorar ya sake kafawa ta ɗaya gefen. Bai motsa ba. Kowa ƙafar tsohon yake kallo, domin da zarar ta taɓa ruwa an gama.

Sai Bulama ya yi tsaki, ya ce katakon da yake zaune a kai ya dame shi. Ya tattara rigarsa, ya ɗaga jiki, ya koma katakon baya kusa da ƙafar Baba Gambo ya zauna. Goshin jirgin ya ɗago. Gora ta danna. Aka ji gogar ta bi ƙarƙashin jirgi har baya, ya sulluɓe, ya zo ya wuce ni, ya wuce turke.

"Gidan Sa'idu ya fita," in ji Bulama, yana kallon gaba.

Wasu suka ce madalla. Inna ta zauna a ƙasa inda take. Ni kuwa ɗaya gaɓar na duba. Yaya Misbahu ya ga abin da na gani, ba yadda za a yi bai gani ba. Shekara takwas ana wannan gwaji ba a taɓa ganin Bulama ya sauya wurin zama ba. Da ya buɗe baki ya ce a sake, da akwai waɗanda za su goya masa baya, kuma da an sake ban san yadda za ta ƙare ba. Na tsaya ina jira ya faɗa. Ina jin wani ɓangare na zuciyata yana so ya faɗa, don kada a ce tausayi aka yi mini.

Ya gyara igiyar a kafaɗa. Ya ɗaga murya yadda zan ji daga ƙetare.

"Allah ya sa a ci lafiya, Zinariya."

Ya bi bayan jirgi, domin akwai sauran gidaje goma sha ɗaya, kuma wataƙila wani ya faɗi. Ba wanda ya faɗi.

Ban bi su ba. Na ɗaga Inna muka kama hanyar gida a hankali, ta dafa ni na dafa ta. A hanya ta ce ƙafarta ta kumbura, kuma kada in kuskura in gaya wa Fatihu ta shiga ruwa.

Baba yana inda muka bar shi, an jingina shi da bango a inuwar rumbu. Idonsa yana bakin ƙofa. Na durƙusa a gabansa.

"Jirgi ya wuce, Baba."

Ya rufe ido ya daɗe. Gefen bakinsa mai motsi yana rawa. Na ɗauka addu'a yake. Da ya buɗe ido sai ya tattaro magana da ƙyar.

"Misbahu fa?"

Na ce masa Misbahu yana nan lafiya. Ya ci gaba da kallona, na san ba abin da ya tambaya ke nan ba. Gonar tamu ce, na shiga ruwa sau biyu a kanta, kuma da za a mayar da ni ranar Lahadi abin da na faɗa masa shi zan sake faɗa. Amma murnar da na yi kwana ashirin ina tanadi, na neme ta a jikina ban same ta ba.

Na tashi na shiga ɗaki na jawo buhun irin shinkafa zuwa tsakar gida. Hannuna ya kasa kwance bakin, sai Inna ta sa haƙori. Muka zuba a faifai muka fara tsince wanda ƙwari suka huda. Sama fes take, ko ɗigon gajimare babu, ga watan shuka ya kama.